GANI YA KORI JI: YADDA MUKA KAI 'YAR AGEGE TA GA JAMI'AR ZARIYA

Daga Wakilinmu na Arewa

 Labarin da na kawo muku yau na cikin gidanmu ne, amma na tabbata kafin ku kai ƙarshensa da yawa daga cikinku za su ce ai gidansu nake nufi.

Ina da baffa, ƙanen mahaifina, wanda ya bar ƙauyenmu na ƙasar Katsina tun yana saurayi, ya bi shanu zuwa Ikko, ya zauna a Agege yana dillancinsu. Yau ya haura shekara 30 a can. A can ya yi aure, a can kuma aka haifa masa 'ya'ya bakwai. Ta ukunsu, yarinya 'yar shekara 17, ita ce ta ta da wannan magana. Tana ajin ƙarshe na sakandare, kuma ta daɗe tana faɗin ita likitar dabbobi za ta zama, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuwa take so ta yi karatun. Da fari Baffa ya ɗauka zancen yara ne. Da ya ga lokacin rajistar jarrabawar shiga jami'a ya matso, yarinya kuwa tana nan a kan bakanta, sai hankalinsa ya tashi.

Abu biyu ne suka dame shi. Na farko nisa, domin bai ga yadda zai ɗauki 'ya mace ya kai ta wurin da sai an kwana a hanya kafin a isa ba. Na biyu kuwa, wani abokin cinikinsa ya riga ya yi masa maganar ɗansa, shi kuma bai amsa ba, bai kuma hana ba. Inna, watau uwar yarinyar, ita tana bayan karatu. Gida ya rabu biyu, aka yi kusan wata ana cin tuwo ba hira.

Rannan da dare sai ga wayar Baffa. Ya ce, "Kai da kake ɗan jarida, faɗa mini tsakaninka da Allah, wurin nan wuri ne da mutum zai ajiye 'yarsa ya juyo ya yi barci?" Na ce, "Baffa, ni kaina iyakata sakandare, in na ce na san cikin jami'a na yi maka ƙarya. Amma Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ku taho ku uku, mu je mu gani da idonmu." Ya yi shiru, can ya ce to.

ZUWA SAMARU

A farkon watan jiya suka taso daga Agege, suka biyo ta Badun da Lakwaja da Abuja da Kaduna, na tarye su a Kwangila da sassafe. Hunturu ya sauka sosai, hazo ya rufe gari. Ƙanwar tawa, wadda ba ta san wani sanyi ba sai na ruwan saman Ikko, na same ta ta ƙudundune cikin mayafin Inna, haƙora na kaɗawa. Baffa ya dube ta ya ce, "To likita, wannan darasi na farko ke nan."

Muna shan shayi a bakin tasha sai wani mutum mai tsabtar tufafi, da ya ji abin da muke tattaunawa, ya matso ya gaisa da Baffa, ya ce shi ya san manya a ciki, in aka ba shi wani abu zai sa sunan yarinya ya fito ko makinta bai kai ba. Har Baffa ya fara sauraronsa, na taɓa shi na ce mu tafi. Ku riƙe wannan mutum a ranku, zan komo kansa.

Muka hau mota muka bi hanyar Funtuwa, muka wuce makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Palladan, muka isa Samaru. A bakin babbar ƙofa muka sami wani yaro ɗan unguwarmu, wanda ke aji huɗu a fannin aikin gona, da na roƙa ya yi mana jagora. Muna shiga, Baffa ya ga titi ya miƙe, ga itatuwa jere, ga bankuna, ga masallatai, ga doguwar benen Majalisar Jami'a ta yi sama, ga ɗalibai maza da mata na ta kai da kawowa. Ya tsaya ya ce, "Wai wannan makaranta ce ko gari?"

Jagoranmu ya ba mu tarihin wurin muna tafe. An buɗe jami'ar ran 4 ga watan Oktoba, 1962, kuma Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa, shi ne Uban Jami'a na farko. Wani Bature mutumin New Zealand, Norman Alexander, shi ya fara shugabancinta, sa'an nan a 1966 Dokta Ishaya Audu ya gaje shi, ya zama ɗan ƙasa na farko a kan kujerar. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ma ta girmi jami'ar nesa, don tun 1922 aka fara aikin a wurin. Jami'ar Bayero ta Kano kuwa a ƙarƙashin wannan take da, kafin ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Baffa yana da hoton Sardauna rataye a rumfarsa ta Agege shekara da shekaru, amma sai ran nan ya taka abin da mutumin ya gina.

Wani abu da ya kamata iyaye su sani shi ne, jami'ar ba wuri guda take ba. Mai karatun shari'a ko aikin mulki a Kongo zai zauna, can kusa da Tudun Wada. Mai karatun likitan mutane kuwa, in ya yi nisa, asibitin koyarwa na Shika ne wurinsa. Saboda haka in za ku zo, ku fara tambayar inda fannin yaronku yake, kada ku wuni kuna duban Samaru alhali kuwa ba nan zai kwana ba.

SANIYA TA SHIGA TSAKANI

Mu dai namu a Samaru yake, don haka muka zarce asibitin koyar da likitancin dabbobi, muka nemi izini aka bar mu mu tsaya daga gefe. To, shi Baffa abin da ya sani game da likitan dabbobi shi ne mutumin nan na mayanka mai farar riga, wanda zai duba hanta ya ce ba ta ciwuwa, a jefar, dillali da mahauci su tashi da hasara. Da wannan fuska ya shiga.

Muka tarar wani Bafillace ya kawo saniya bunaji, ta rame ƙwarai, ƙarƙashin haɓarta ya kumbura. Ɗalibai sun kewaye ta da malaminsu, kowa da dogon takalmin roba, a cikinsu har da 'yan mata uku masu hijabi. Ɗayarsu ta kama hancin saniyar ta buɗe bakinta ba ko ɗar. Baffa ya kasa haƙuri, ya matsa ya leƙa haƙoran ya ce shekararta huɗu, kuma ciwon hanta ke damunta. Malamin ya yi murmushi ya ce wa yarinyar ta ba Alhaji amsa.

Ta gaishe shi da ladabi, ta ce shekarun dai haka suke, su ma kuma hantar suke zato, amma ba za su ba da magani ba sai sun ɗebi kashinta sun duba a madubin likita sun ga ƙwayayen tsutsar. Ta ce tsutsa ce mai faɗi kamar ganye take zama cikin hanta, ƙwanta ya fita cikin kashi, ya ƙyanƙyashe cikin ruwa, ya shiga jikin wani ƙaramin dodon koɗi, daga nan ya fito ya manne a ciyawa, saniya ta ci. Baffa ya riƙe baki. Ya ce shi tun yana yaro ya san kiwon fadama na kawo hanta, ubansa ya faɗa masa, amma yau shekara 40 ba wanda ya taɓa gaya masa dalili sai wannan yarinya.

Daga nan hira ta ɓarke tsakaninsa da malamin, suka bi cututtuka ɗaya ɗaya, sammore da kirci da ciwon huhu, har suka zo kan bushiya. Nan Baffa ya yi sanyi. Annobar bushiya ta 1983 ita ta share garken kakanmu, ita ce kuma sanadin da ya sa daga baya ya bar gida ya nufi Kurmi. Malamin ya ce masa ai bushiya ta zama tarihi, domin a 2011 aka ba da sanarwar an kawar da ita daga duniya baki ɗaya, kuma da allurar rigakafi aka yi wannan aiki, likitocin dabbobi ne suka bi ruga ruga suna yi. Na saci kallon ƙanwata, na ga ba saniyar take kallo ba, fuskar ubanta take kallo.

ƊAKIN KWANAN MATA

Da muka fito sai Inna ta ce ita fa ba saniya ta kawo ta ba, a kai ta inda 'yarta za ta kwana. Muka nufi ɗakin kwanan ɗalibai mata mai sunan Sarauniya Amina. A bakin ƙofa aka tsai da ni da Baffa da jagoranmu, aka ce maza iyakarsu nan. Na zaci Baffa zai ji haushi, sai na ga ya gyara hula ya ce, "Madalla." Muka zauna a gindin itace, mata suka shiga.

Sun fi rabin sa'a a ciki. Inna ta fito da labari a baki. Ta ga ɗakuna, ta ga inda ake girki da inda ake wanki, ta zauna da matan da ke kula da wurin ta yi musu tambayoyinta: wa ke shiga, wa ke fita, in yarinya ta kwanta ciwo da dare ina ake kai ta. Ta kuma sami wata ɗaliba haifaffiyar Sabon Badun, suka gaisa da ƙanwata da Yarbanci, suka karɓi lambar juna. Ta ce ba gidan sarki ba ne, amma 'yar da ta tashi cikin ɗaki biyu da 'yan'uwa shida a Agege ba abin da zai ba ta tsoro.

Jagoranmu ya ƙara mana da cewa a jami'o'in ƙasan nan gaba ɗaya ɗalibai sun fi gadaje yawa, ko da yake a nan Alhaji Aliko Ɗangote ya gina wa jami'ar sababbin ɗakunan kwana da aka buɗe a 2019. Wanda bai sami gado ba sai ya kama haya a cikin garin Samaru. Saboda haka da zarar yaro ya sami shiga, neman gado shi ne abin yi na farko, kuma yana da kyau a san wani dattijo ko dattijuwa a gari da za a damƙa wa amanarsa.

TAKARDAR DA BA MU DA ITA

Bayan mun yi sallar Azahar muka zauna cin abinci, sai jagoranmu ya ce ƙanwata ta fito da takardunta ya gani. Nan ne fa aka yi ta, kuma saboda wannan ne musamman na rubuta labarin nan.

Ya tambaye ta takardar shaidar asali ta ƙaramar hukuma. Ta dubi ubanta, uban ya dube ni. Babu. Ga yadda abin yake. Ƙa'idar da Gwamnatin Tarayya ta daɗe da shimfiɗa wa jami'o'inta ita ce, cikin kowane gurbi 100, a ba da 45 ga waɗanda suka fi maki ko daga ina suka fito, 35 ga 'yan jihohin da aka keɓe wa jami'ar, sauran 20 kuma ga jihohin da aka lasafta suna baya a ilmin zamani, Katsina kuwa tana cikinsu. Amma wurin wannan lissafi ba a duban inda aka haifi yaro, asalin ubansa ake bi. Watau ƙanwata, da aka yanke wa cibiya a Agege, a takarda ba 'yar Ikko ba ce. A Katsina kuwa, inda take da haƙƙi, tun tana goye ba ta sake zuwa ba, ba mai unguwar da ya san fuskarta. Yara nawa ne na 'yan'uwanmu a Kurmi suke tsaye a wannan tsaka mai wuya, iyayensu ba su sani ba?

Bai tsaya nan ba, ya jera sauran takardun ya gwada su. Sunanta a takardar haihuwa daban, a takardar makaranta an ƙara masa harafi a ƙarshe, irin yadda malaman Kurmi kan mai da A'isha Aishat, ko Rukayya Rukayat. A katin ɗan ƙasa kuma an sa sunan kakanta a inda makaranta ta sa na ubanta. Tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar katin ɗan ƙasa, kuma sunan da ke jikin lambar shi za ta ɗauka. In ya saɓa da na takardar WAEC ko NECO, ranar tantancewa yaro zai sha wuya ko da ya ci jarrabawa. Gyaran kuwa yana cin lokaci, sai an fara shi da wuri.

Ya kuma faɗa mata abin da fannin nata ke bukata: sakamako mai kyau a Turanci da lissafi da darussan kimiyya uku, watau fizis da kemistiri da bayoloji, sa'an nan a jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake yinta, ta rubuta Turanci da waɗannan ukun. Kada shekarun mai shiga su gaza 16. Ya ja mata kunne cewa takardar asali ba ta maye gurbin maki, domin masu neman fannin suna da yawa. In ba a dace ba a karon farko, jami'ar tana da makarantar share fage a Funtuwa. Ya kuma gaya wa Baffa gaskiya, cewa Jami'ar Badun, wadda aka kafa tun 1948, da Jami'ar Aikin Gona ta Abekuta duk suna koyar da likitancin dabbobi, kuma sun fi kusa da Agege, sai dai a can ba ta cikin rabon 'yan yankin.

To, mutumin nan na tasha fa? Tun 2017 duk wanda jami'a za ta ɗauka sai sunansa ya bi ta na'urar hukumar JAMB, ɗalibi da kansa zai duba ya gani ya amsa. Shigar da ba ta bi ta nan ba, hukuma ba ta san da ita ba, kuma ranar tafiya bautar ƙasa asiri zai tonu. Duk wanda ya tare ku a tasha ko a waya ya ce a ba shi kuɗi ya sayo wa yaronku gurbi, ku riƙe aljihunku.

LISSAFIN BAFFA

Baffa ɗan kasuwa ne, sai ya koma kan lissafi. Aka ce masa karatun shekara shida ne, in ba a sami tsaiko ba. Tsaiko kuwa yana faruwa, don a 2020 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki na wajen wata tara, a 2022 kuma suka yi na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ban da kuɗin rajista, akwai na gado da abinci da littattafai da kayan aiki, ga kuɗin mota Ikko zuwa Zariya duk hutu. Jagoranmu ya ambaci asusun ba ɗalibai rance da gwamnati ta buɗe a 2024, Baffa ya ce shi ba ya son bashi ya bi 'yarsa gidan miji. Ya ƙirga da yatsu, ya ce abin dai zai ci sa guda kowace shekara.

Da la'asar muka bi ta gaban babban ɗakin karatu na Kashim Ibrahim. Muka tsaya daga waje muna kallon ɗalibai na shiga da fita da littattafai a hammata. A nan ni ma jikina ya yi sanyi. Sau nawa aikin jarida ya kawo ni wannan jami'a, in ɗauki jawabin manya in fita, ban taɓa tsayawa na dube ta da idon mai nema ba. Lokacin da na gama sakandare ba wanda ya kama hannuna ya kawo ni ko bakin ƙofa, ni kuma ban san ana zuwa ba.

Baffa ya juya ya dubi 'yarsa ya ce, "Kin ji dai, shekara shida, ga sanyi, ga nisa, ba Inna kusa. Za ki iya?" Ta durƙusa ta ce, "Baba, in ka yarda ka sa mini albarka, zan iya." Ya daɗe bai ce kome ba. Can ya ce, "To, ki kawo maki, ni kuma in kawo sa." Game da abokin cinikinsa kuwa, ya ce in sun koma zai same shi ya faɗa masa gaskiya, in yaron mai jira ne ya jira, in ba haka ba Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Inna ta juya baya tana gyara mayafi, amma na ga abin da take sharewa.

Washegari maimakon su juya Ikko sai muka wuce ƙauye. Kakarmu ta rungume jikar da rabonta da ita tun tana goye, yara suka kewaye ta suna dariyar Hausarta, suna ce mata 'yar Kurmi. Mai unguwa ya tuna da kakanmu da garkensa, ya rubuta mana shaida zuwa ga dagaci, daga nan sai ofishin ƙaramar hukuma. Yanzu haka takarda tana hanya, yarinya kuma ta koma Agege ta duƙufa a kan karatu. Ko za ta sami makin, ko ba za ta samu ba, wannan sanin Allah ne.

Abin da zan roƙe ku, 'yan'uwa, shi ne wannan. Duk mai yaro ko yarinya a aji biyar ko shida na sakandare, ya fito da takardunsa yau ya jera su ya ga ko sunan ɗaya ne. Ya kai shi gida a san shi, a karɓo masa takardar asali tun ba a bukace ta ba. Sa'an nan kafin a cika sunan kowace jami'a, ko ta Zariya ce, ko ta Kano, ko ta Sakkwato, ko ta nan kusa da ku, a daure a yi kuɗin mota a je a gani, uba da uwa da yaron gaba ɗaya, a kuma yi tambaya a ofis, kada a tsaya ga zancen tasha. Baffa ya ce mini kuɗin motar nan ya ji shi a jikinsa, amma tun da yake fatauci bai taɓa yin tafiyar da ta biya shi kamar wannan ba.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba su ilmi mai amfani, ya kuma mai da ku gida lafiya duk ran da kuka tashi, amin. Sai mun sake saduwa a wannan fili.